Wutar da Ta Tsallake Katanga

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kafin azahar ko kaza ba ta yarda ta taka tsakar gida. Ina kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, na jiƙa mayafi na rufe ƙafafuna, ina jin mai gyaran wuta yana ƙwanƙwasa bango a zaure. Ɗana ne ya aiko shi ya cire tsohuwar canjobarmu ya sa sabuwa. Canjoba ita ce akwatin nan mai hannu da ke tsakanin wutar gari da ta janareta. Ka ɗaga hannun sama gida ya sha ta gari, ka danna shi ƙasa ya sha ta inji, ba ta barin su haɗu.

Da ya gama, jikata Nana ta shigo riƙe da tsohuwar, duk ta yi tsatsa.

"Kaka, in ba 'yan gwangwan?"

"Ajiye mini ita nan."

"Mi za ki yi da ita? Ko ita ce gadon da kika tara muna?"

"Ke dai ajiye, marar kunya."

Ta ajiye ta a gefen tabarma ta wuce tana dariya. Na shafa murfin. Har yanzu ana iya ganin inuwar rubutun da na yi a jikinsa da ragowar fenti. Iska mai zafi ta kaɗa, furen darbejiya ya zubo mini a hannu, sai na ji kamar ba bana nake ba.

Sau uku ke nan ina ganin azumi cikin bazara. Na farko ina yarinya a Kebbe, zamanin Jihar Arewa, ana ta zancen an kusa ba mu mulkin kai. Ni ban san mulkin kai ba, kasko na sani. Kullum la'asar sakaliya uwata takan miƙo mini wani fasasshen kasko ta ce in je in ɗebo wuta, don ashana sai gidan wane da wane. Duk gidan da ka hango hayaƙi ya fara tashi, nan za ka nufa. Ka yi sallama, a zuba maka garwashi, a barbaɗa toka a kai, ka taho a hankali kana kare shi da tafin hannu. In ka tsaya a bakin hanya ka duba, sai ka ga yara ta ko'ina, kowa da ɗan jan haskensa a kasko, kamar taurari ne suka sauko suna yawo a lungu. Ko gidan da ake gaba da su, in ka je ɗiban wuta za a ba ka. Ba a hana wuta. Da wannan aka raine ni, da shi aka raini surukata tun kafin a haife ni.

Na biyu kuwa ya same ni a nan Tambuwal, da aure da 'ya'ya. Maigidana, Malam, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu, ɗakinta yana kallon nawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, 'Yar Kebbe take ce mini har ta koma ga Allah. Wutar gari ba ta daɗe da isowa lungunmu ba. Kowane gida ƙwan lantarki ɗaya ko biyu, mai hali ya ƙara fanka da rediyo. Ana gab da ganin watan azumi, taransfomar unguwa ta yi wata ƙara ta ƙone. Aka ce sai an kawo wata daga Sakkwato, ba wanda ya san yaushe.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Geron da nake ɗiba da ƙwarya na koma ɗibarsa da tafi. Fulani sun yi kudu da shanunsu neman ciyawa, nono ya yi wuya, fura sai da tsamiya. Rijiyarmu ta ja baya, in ka jefa guga sai ka ji ya daɗe yana tafiya, ya dawo da rabin ruwa rabin laka. Da mun yi sahur na yi sallah, ba na komawa barci. Lokacin nake surfe da wanki da ɗiban ruwa, kafin rana ta buɗe ido. In hantsi ya yi na jiƙa yashin da ke ƙarƙashin randa, na rufe bakinta da faifai, na tattara yara cikin inuwa. Daga nan gari yakan yi tsit. Ƙadangaru su maƙale a bango baki buɗe. Kwanon rufi ya riƙa ƙas-ƙas shi kaɗai. Yunwa ba ta kai ƙishirwa ba, harshe yakan zama kamar guntun fata a baki, in ka rufe ido ba abin da kake gani sai ruwa.

Inna ce abin tausayi. Ga tsufa, ga ƙirji mai shaƙewa. Takan kwanta a jiƙaƙƙiyar tabarma tana numfashi kamar ana jan zare ta cikin allura. Malam ya roƙe ta ta ajiye azumin a ciyar. Ta ce tun tana budurwa zafi bai sa ta sha azumi ba, ba za ta fara da furfura ba. Da ya ga haka sai ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya je Sakkwato ya dawo da janareta na hannu, ja, mai igiya a gefe. Ya kira wani mai gyaran rediyo. Mutumin ya zaro waya daga injin, ya cusa ta kai tsaye cikin wayoyin gida a wajen mita, ya naɗe da baƙin tef, ya ce shi ke nan.

Ba zan manta magaribar farko ba. Ana kiran sallah Malam ya ja igiya, injin ya yi tari, ya kama. Fankar ɗakin Inna ta fara juyawa a hankali kamar mai tunani. Kafin in kai dabino baki sai na ji Kulu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta rangaɗa guɗa.

"An kawo wuta! Jama'a, an kawo wuta!"

Na taka turmi na leƙa. Ƙwan da ke rataye a rumfar Kulu yana ci, amma ba fari ba. Ja ne, wayar cikinsa kawai ta yi jawur kamar garwashi. Na ɗaga kai. Gidan gaba da nata haka, na gaba da shi ma haka, har kwanar masallaci. Ga sauran gari baƙi ƙirin, ga lungunmu da jajayen idanu jere cikin shuɗin magariba, suna ɗan lumshewa in injin ya yi nishi, suna buɗewa in ya farfaɗo. Na tsaya a kan turmin nan da dabino a hannu, na koma Kebbe, na ga yara da kasake.

Ba a daɗe ba aka gane daga ina take. Malam ya kashe injin don ya gwada, lungu ya mutu. Ya tayar, lungu ya farfaɗo. Washegari gidanmu ya cika da 'yan godiya. Kulu ta aiko da ƙosai, wani tsoho ya tsaya a zaure ya yi ta addu'a har Malam ya rasa inda zai sa kansa. Ba wani haske ba ne, ba ya isa a zura zare a allura, amma yana isa uwa ta ga bakin ɗanta in tana ba shi kunu, yana isa a ga kunama kafin a taka ta. Inna kuwa sai ka ce an rage mata shekaru. Kullum in an tayar da inji takan ce in taka turmi in gaya mata gida nawa suka samu. Injin yana ta gurnani kamar jakin da aka yi wa lodi, fankarta ba ta taɓa gudu sosai ba, mai yana ƙarewa da wuri. Malam ya gani, ya dubi fuskar mahaifiyarsa, ya ci gaba da sayen mai.

Ina da ƙane, Sahabi, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Aikinsa hawan falwaya, shi da abokan aikinsa suke ɗaure wayoyin gari suna gyara su. A lokacin an tura su wajen Sanyinna, sai tsakiyar wata ya samu ya zo shan ruwa gidanmu. Muna zaune a tsakar gida, ya kai kofin kunu baki, idonsa ya sauka a kan jan hasken da ke leƙowa ta saman katanga. Ya sauke kofin bai sha ba.

"Adda, wanga haske na gidan su Kulu, daga ina?"

Inna ce ta amsa, da fara'arta. "Daga nan. Allah ya ba mu wuta mai zumunci."

Ya tashi ya je wajen mita ya daɗe yana kallon baƙin tef ɗin nan. Da ya dawo sai ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, a gafarce ni. Wayar da ka kawo muku wutar gari, ita ka fitar da taku. Hanya guda ta, ba ƙofa. Mu in za mu hau falwaya, daga can muka kashewa, mu ce layi ya mutu, mu kama shi da hannu. Ba mu san wani gida na hura mishi rai ta baya ba."

"Wagga 'yar wuta? Ko ƙwai ba ta cikawa."

"Ba ta cika ƙwai, amma tana isar mutum. In ba ta riƙe shi ba, ta jefo shi ƙasa."

Malam, da yake akwai wasa tsakaninsu, ya ce, "Kai da ka hawa awa biri, wa zai jefo ka?"

"Biri da wutsiya shika kamawa, Malam. Ni ban da ita."

Aka yi dariya, ban da ni. Sahabi ya ce bayan haka ma, ranar da wutar gari ta dawo injin yana ci, za su yi karo, injin ne zai ƙone, in an yi rashin sa'a har da ɗaki. Ya ce maganin abu ne ƙarami, canjoba, a kafa ta a bango ta raba hanyar. Malam ya gyaɗa kai. Sai Inna ta ce, "In anka sa ta, su Kulu fa?"

"Sai haƙuri, Inna, har a kawo ta gari."

Ta ajiye ludayinta a hankali. "A gidana? Cikin watan ga? Ni da anka ba garwashi a gidan da ubana ke shari'ar gona da su? Ruwa da ciyawa da wuta, wa ka hana su? Mutane sun yi muna addu'a, sannan mu sa ƙarfe mu toshe? A'a. Ku dai in za ku hau, ku aiko a faɗi, sai a kashe."

Malam bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba, Sahabi kuma suruki ne, ba shi da bakin ja. Aka tsaya a kan haka. Na raka shi zaure. Yana sa takalmi ya ce ƙasa-ƙasa, "Adda, ni zan aiko. Amma ba ni kaɗai ka hawa ba."

Bayan kwana kaɗan hatsi ya yanke a rumfar Malam, ya tafi Kebbe neman saye. Hanyar ba ta da kyau, in ya tafi yakan kwana biyu. Jan igiya ya dawo hannuna. Kullum kafin in ja sai in sa mayafi in leƙa ta ƙofar zaure in dubi falwayar ƙofar gidanmu. Ba kowa. Amma wayar ba a nan ta tsaya ba. Tana tafiya, ta sha kwanar masallaci, ta bi inda idona ba ya kaiwa. Sai in dawo in ja, ƙwayaye su yi ja, Inna ta ce, "Gida nawa?" in taka turmi in gaya mata, zuciyata tana can bayan kwana.

Da rana in barcin yunwa ya ɗauke ni, mafarki ɗaya nake yi. In ga garwashi yana tafiya a kan waya, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar tururuwa a kan igiyar shanya. In bi shi da kasko ina so in tare, ƙafafuna suna nutsewa cikin yashi. Can gaba akwai mutum a sama ya ba ni baya, ban ga fuskarsa ba, amma na san ƙeyar, don na sha wanke ta. In farka mayafina ya bushe ƙayau, bakina ba yawun da zan yi addu'a da shi.

Na rasa yadda zan yi. Surukata ce. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mayar mata da magana ba, kuma ba mugunta take nufi ba, alheri take karewa. Yaya za ka ce wa mutum alherinsa yana iya kisa?

Ran nan bayan la'asar Kulu ta leƙo ta katanga tana murna. "Kin ji? An kawo sabuwar taransfoma, mota ta sauke ta tun hantsi. An ce ma'aikata na nan suna ta ɗaure-ɗaure."

Na ce mata madalla. Na tambayi yara ko wani ya zo da saƙo, suka ce ba wanda ya zo. Na ce wa kaina, to, tunda bai aiko ba, ba yau za su hau na lungunmu ba. Na ci gaba da aiki. Na dafa zogale zan yi kwaɗo, na tsame ganyen, ruwan yana ta tururi a tukunya. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da tasbaha, rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta kai tsakiyar gida. Na sa tsumma na ɗauki tukunyar. Maimakon in nufi magudana, sai na ga ƙafafuna sun nufi inda katangarmu ta fi gajarta, wajen lungu. Har yau ban san ko da gangan na yi ba. Na ɗaga tukunyar.

"Ke! 'Yar Kebbe! Hauka kika yi? Ruwan zafi za ki watsa bayan katanga, ba ki leƙa ba, ba bisimilla? In ɗan wani na wucewa fa?"

Na tsaya, tururi yana dukan fuskata. Ban iya dubanta ba, tukunyar na yi wa magana.

"Inna, kullum magariba abin da nika yi ke nan. In ja igiya, in watsa, ban ga wa ke baya ba."

Na ji tasbahar ta tsaya. Wata kurciya tana kuka a kan darbejiya, ta yi ta yi har ta gaji. Tukunyar ta fara yi mini nauyi da zafi.

"Zuba shi a magudana," in ji ta. Na zuba. "Miƙo mini sandata da mayafi."

Tun da zafin nan ya fara Inna ba ta taka ƙofar zaure ba. Na ce in raka ta, ta ce a'a. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kar ki taɓa igiyar nan sai na dawo."

Na leƙa na ga tafiyarta. Ba ƙasa take kallo ba kamar yadda tsofaffi suke yi. Kanta a sama, tana bin waya da ido, ta dogara sanda ta tsaya ta huta a gindin falwaya, ta sake ɗagawa ta bi, har ta sha kwanar masallaci.

Aka kira sallah. Yara suka fara, "A tada inji, a tada inji." Kulu ta ɗaga murya ta bayan katanga, "Maƙwabciya, yau an mance da mu?" Na ce mata tana tafe. Na sha ruwa a tsaye kusa da injin, igiyar tana reto a gefensa, na harɗe hannuwana a baya kamar mai tsoron kada su yi abin da suka saba. Duhu ya fara sauka. Ban taɓa jin gidanmu shiru a irin wannan lokaci ba, har ƙarar haɗiyar yara nake ji.

Sai na ji sanda a zaure, da wasu takalma masu nauyi a bayanta. Inna ta shigo tana haki. A bayanta Sahabi ne, da ɗamarar hawa a ƙugunsa, filaya tana leƙowa daga aljihu.

Daga baya suka ba ni labari, kowa da nasa ƙarin. Tana shan kwana ta ga tsani a jingine, ta ɗaga kai ta ga ƙafafu. Saura ɗauri ɗaya ya gama, ya ce bari ya ƙarasa kafin duhu, kiran sallah ya same shi a sama. Ya ciro dabino daga aljihu yana ci da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da waya. Wayar lungunmu.

"Ɗan wa ke can sama?"

"Ni na, Inna. Mi ya fito da ke?"

"Sauko."

"Saura kaɗan, Inna."

"Sauko na ce, kafin in hau in sauko da kai."

Da ya sauko ta ce, "Ba kai ka ce za ka aiko ba?" Ya ce ai ya aiko, tun da safe ya biya ta kasuwa, bai tarar da Malam a rumfa ba, ya bar sallahu wurin maƙwabcin rumfarsa a gaya masa kada a tayar da inji yau. Inna ta ce, "Malam na Kebbe." Sai ya zauna a kan matakin tsani. Ragowar dabinon da ke hannunsa, da shi Inna ta buɗe baki a gindin falwayar.

Ni dai da na gan shi a tsakar gida, zama na yi a ƙasa inda nake. Ban yi kuka ba, jikin ba ruwan da zai bayar. Inna ta sha ruwa, ta daɗe tana mayar da numfashi, sannan ta ce, "Sahabi, in Malam ya dawo ka zo ka sa ƙofar nan taka. Kafin nan ba mai ja mini igiya."

Haka muka koma mafici. Ina yi mata fifita har hannuna ya mutu in sauya, tana shaƙewa tana cewa in bari haka nan, ban bari ba.

Da Malam ya dawo ya ji, bai yi wasan biri ba. Washegari da sassafe ya je ya sayo canjobar, Sahabi ya zo da kayan aikinsa. Ya fara kwance baƙin tef ɗin nan ya jefar. Ya kafa katako a bangon zaure, ya ɗaura akwatin a kai. Wayar mita ya shigar ta sama, ta inji ta ƙasa, ta gida ta fito daga tsakiya. Ya haƙa rami a gindin bango ya kafa wani ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ce nan wutar da ta ɓata hanya za ta bi ta shige ƙasa. Ya sa a fitar da injin can bayan rumbu inda iska take, ya ce hayaƙinsa ba ya sallama. A ƙarshe ya maƙala wani ɗan ƙwai a gefen akwatin, ya ce wannan na gari ne shi kaɗai, ranar da muka ga ya kama, ta dawo.

Sannan ya kira ni, ya ce tunda ni ce mai gida in rana ta faɗi, ni zai koya wa. A kashe fanka da rediyo tukuna. A kawo hannun tsakiya. A ja igiya, a saurari injin har muryarsa ta daidaita, sannan a danna ƙasa, a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. In ɗan ƙwan ya kama, a dawo tsakiya, a ɗaga sama, a je a kashe inji. Ya sa na yi ta maimaitawa har hannuna ya gane nauyin ƙarfen. Shekarar ce na gama ajin yaƙi da jahilci, ina ji da hannuna, sai na samo ragowar fenti da tsinke na rubuta GARI a sama, INJI a ƙasa. Harafin G ya karkace, Malam ya ce kamar ƙugiya.

Inna tana zaune tana kallo. Ta ce, "Tsakiyar fa, mi za ki rubuta?"

Sahabi ya ce, "Nan ba kowa, Inna. Ba gari, ba inji."

"To nan ne wurin bisimilla. Kowa ya zo nan shi tsaya tukuna."

Magaribar ranar na danna hannun ƙasa. Fankar Inna ta ɗauka da gudun da ba mu san tana da shi ba, ƙwan tsakar gida ya yi fari tas har ido yana ƙi. Ban taka turmi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma ina ganin idonta yana zuwa saman katanga, inda jan hasken nan yake leƙowa da, yanzu sai duhu. Kunun gabanta ya huce ba ta taɓa ba. Can ta ce, "'Yar Kebbe, ku can da, wuta ka zuwa gidan mutane, ko mutane ka zuwa gidan wuta?"

Na ce, "Mu ka zuwa, Inna, da kasko."

"To fid da tabarmi. Duka. A buɗe ƙofar zaure, kar a rufe."

Ta ɗaga murya da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Kulu! Wuta ta ce ta gaji da tsallaken katanga. Mai so shi zo shi ɗiba!"

Kulu ta shigo da goyonta da hular da take ɗinki, tana cewa dama jan ƙwan nan ya kusa kashe mata ido. Wasu suka biyo ta. Kafin a yi asham tsakar gidanmu ta cika da mata, masu tsinkar zogale, masu kitso, masu jiƙa tsamiyar gobe, tsofaffi kuma aka shigar da su ɗakin Inna ƙarƙashin fanka. Maza suka zauna a zaure da Malam, mai karatu yana yi a ƙarƙashin ƙwai. Haka muka ƙarasa watan. Hatsi bai ƙaru ba, rijiya ba ta cika ba, amma kowa yakan zo da ɗan abin da ya samu a rufe da faifai, in aka haɗa sai ya zama kamar da yawa.

Ana jibi Sallah, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri mai nisa. Muna kwashe shanya sai ƙaramar 'yata ta yi ihu daga zaure, ɗan ƙwan ya kama. Na je na kawo hannun sama, na tsaya ina kallon rubutuna. A waje lungu ya ɗauki sowa, ɗigon farko ya faɗo a kan kwano, ɗaya, sannan wani, Inna ta miƙa tafin hannunta daga ƙofar ɗaki tana jira.

Ta ga wasu azumin bayan wannan, cikin sanyi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Malam ma ya bi ta. Yanzu lungunmu kusan kowane gida da injinsa, wasu da faifan hasken rana a kan rufi, in magariba ta yi ba ka jin kiran maƙwabci don ƙara.

Ban san na daɗe haka a tabarma ba sai da Nana ta taɓa ni. Inuwa ta kai bango, an ɗauke wuta tun azahar, ladan yana gyara murya.

"Kaka, zo ki ga sabuwar. Ko yatsa ɗaya ya isa."

Na tashi na bi ta zaure. Ta kai hannu za ta danna, na riƙe wuyan hannunta.

"Tsaya a tsakiya tukuna."

"Kaka, wagga ba ta fita layi. Mutumin ya gwada a gabana."

"Na sani."

Na sa mayafi na leƙa ta ƙofa. Falwayar ƙofar gida ba kowa, sai wata kurciya a kan waya. Na bi wayar da ido har kwanar masallaci. Daga can wani tsoho ya ɓullo, farar hula, farin gemu, yana tafe a hankali a ƙarƙashin wayoyin, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Sahabi ne, kullum azumi nan yake shan ruwa tun da ya ajiye aiki. Ya hango ni ya ɗaga leda.

"Adda! Na zo da dabino. Ku kun ajiye mini kunu, ko jikar nan taki ta shanye?"

Na saki hannun Nana.

"Yi bisimilla," na ce mata. "Je ki ja igiyar."